"More grease to your elbow" ko "more power"? Malaman Turanci ku raba mu

Abban Zahra:
Assalamu alaikum 'yan gida. Wani abu ne ya same ni jiya a wurin aiki, har yanzu ina juya shi a raina. Akwai wata Baturiyar Ingila da muke aiki tare, ita ta haɗa mana rahoton ƙarshen shekara, ta yi kwanaki tana fama da shi. Da ta turo sai na mayar mata da imel ina yaba mata, na rufe da "more grease to your elbow". Ba a yi minti goma ba ta amso. Ta yi godiya, sannan ta tambaye ni cikin raha wai me ya sami gwiwar hannunta har take bukatar giris. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Ni fa tun ina firamare hedimasta yake faɗa mana wannan magana a asambili, a jarida ma ina karanta ta, manyan mutane suna faɗinta a taro. To kuskure ne, ko ita ce ba ta gama sanin yarenta ba?

Malam Ɗanjuma (Zariya):
Wa alaikumus salam. Abban Zahra, abokiyar aikinka ta fi ka gaskiya. Abin da mutanen Ingila ke cewa shi ne "more power to your elbow", kamar dai mu ce Allah ya ƙara ƙarfin gwiwa. Ka ga mu ma gwiwar muke ambata. Akwai kuma wata magana daban, "elbow grease", wadda ke nufin aikin ƙarfi, irin dirzar tukunya ko goge daɓe har gumi ya keto. Mu ne a ƙasar nan muka sare kan wannan muka ɗora a gangar jikin waccan. Shekara 31 na yi ina koyar da Turanci a sakandare, na gyara wannan kuskure har jan birona ya gaji.

Ɗan Fagge:
Allah ya gafarta Malam, ni kam giris ɗin ya fi mini ma'ana. Duk wanda ya taɓa zama a garejin kanikawa ya san abin da ba a sa wa giris ba ƙara yake yi. Turawan ne ya kamata su dawo kan namu 😂

Malam Ɗanjuma (Zariya):
Ɗan Fagge, ai nan gizo ke saƙar. Salon magana ba ya bin hankali, yadda masu yare suka ƙera shi haka ake ɗaukarsa. Mu muna cewa mutum ya ci amana, ya ci bashi, ya sha kaye, ya sha alwashi, ya fita shan iska. Wane hankali ne ya ce amana ci ake yi, alwashi kuwa sha? Babu. To a ce wani Bature ya koyi Hausa, ya zo Fagge ya ce maka "jiya na sha bashi, yau zan fita cin iska". Za ka gane nufinsa sarai, amma sai ka riƙe ciki don dariya. Idan ya ce maka ai tasa ta fi ma'ana, me za ka ce masa?

Ɗan Fagge:
Zan ce ya biya bashin da ya sha tukuna.

Ummi (SS3):
Baba Malam ina yini. Don Allah tunda an ɗauko zancen, ni WAEC zan rubuta bana. Malaminmu ya ce "cut your coat according to your size" kuskure ne, amma kowa haka yake faɗa, har a rediyo. Wanne zan rubuta?

Malam Ɗanjuma (Zariya):
Lafiya lau 'yata. Malaminku yana da gaskiya. "According to your cloth" ne. Kuma wannan ma idan kin duba akwai dalili a ciki. Maganar tana nufin ki yi ɗinki daidai yadin da kike da shi, wato daidai ruwa daidai tsaki. Idan kika ce "size", kin kashe hikimar, don ƙaton mutum mai yadi biyu idan ya yanka daidai jikinsa ai rigar ba za ta fita ba.

Ga wasu da nake yawan gani a takardun yara. Suna rubuta "birds of the same feather", alhali "birds of a feather flock together" ne, wato sai hali ya zo ɗaya ake abota. Suna rubuta "half bread is better than none", a maimakon "half a loaf", da babu gara ba daɗi. Suna rubuta "from frying pan to fire", Turawa kuwa cewa suke "out of the frying pan into the fire", an gudu ba a tsira ba ke nan. "Last but not least" babu "the" a cikinta. Sai kuma "you cannot eat your cake and have it", wadda ya kamata ta zama "have your cake and eat it".

Na yi makin ɗin insha'in WAEC na shekaru. Maki 50 ne, 20 daga ciki na iya sarrafa harshe ne, 10 kuma na tsabtar rubutu, inda kowane kuskure yake cin rabin maki. Idan ba ki tabbatar da karin magana ba, ki bar ta, ki faɗi abin a miƙe. Ba a taɓa rage wa yaro maki don bai sa karin magana ba.

Malama Hadiza:
Malam, da girmamawa, a kan ta kek ɗin nan ina da ja. Wadda 'yan Najeriya ke faɗa, wato a fara da "eat" a ƙare da "have", ita ce ta fi yawa a zamanin da. Haka take a wani littafin karin maganar Turanci da aka buga tun 1546, wanda a cikinsa ne ma ake samun ta yadin ɗinki da ta rabin burodi da kuka kawo. Sai a ƙarni na 20 ne wadda ta fara da "have" ta rinjaya a Ingila da Amurka. Har yau akwai Turawan da ke cewa wadda ta fara da "eat" ta fi dacewa, don mutum zai iya mallakar kek sannan ya cinye, abin da ba zai yiwu ba shi ne ya cinye kuma ya ga yana nan. Ke nan a wannan gaɓar ba mu muka ɓata ba, mu riƙe muka yi, su suka sauya.

Abin da ya sa na kawo wannan shi ne, muna saurin kiran duk abin da ya bambanta da na Landan kuskure. Turancin Najeriya fa nau'i ne mai zaman kansa, kamar na Indiya da na Amurka. A watan Janairun 2020 ƙamus ɗin Oxford ya shigar da kalmomi da maganganu 29 na Najeriya. Akwai "next tomorrow", wato jibi, da "K-leg", da "send-forth", da "barbing salon", da "put to bed" da ma'anar haihuwa, har da Kannywood ɗinmu. Daga baya aka ƙara wasu 20 da aka sanar a farkon 2025, cikinsu da "suya" da "japa" da "419". Suya fa, kalmarmu ta Hausa.

Malam Ɗanjuma (Zariya):
Malama, ta kek na karɓa, ban san da wannan tarihi ba, na gode. Tsufa bai hana karatu. Amma ta ƙamus ban yarda ba. Ƙamus ɗin nan rajista ce ta duk abin da mutane ke faɗa, har zagi yana ciki. Kuma idan kin duba, kusa da kowace kalma an rubuta cewa ta Najeriya ce ko ta Afirka ta Yamma. Shigarta ƙamus bai sa mai makin jarrabawa zai karɓi "next tomorrow" ba. Ummi kada ki ji wannan ki je ki rubuta.

Malama Hadiza:
Ai ban ce ta rubuta ba Malam. Cewa na yi a daina sa yara suna jin kunyar bakinsu. A ce musu wannan ta gida ce, waccan ta jarrabawa ce, shi ke nan. Ba sai an kira su jahilai ba.

Sagir Injiniya:
Ni dai ina ganin wannan duk bautar Turawa ce. Shekara sittin da wani abu da samun 'yanci har yanzu muna rawar jiki a kan yadda wata a Landan za ta ji maganarmu. Ɗan China yana zuwa da guntun Turancinsa ya karɓi kwangilar biliyoyi ya tafi. Mu muna nan muna gardamar giris.

Abban Zahra:
Injiniya, ɗan China yana da tafinta da lauya. Ni imel ɗina ni nake rubutawa, kuma kwantiragina duk shekara ake sabuntawa.

Sagir Injiniya:
To sai ka ci gaba da durƙusa mata.

Admin:
Injiniya a sassauta harshe don Allah. Tambaya aka yi, ba faɗa ba.

Barista Nura:
Bari in ba Injiniya misalin da ba ruwansa da bauta. Kalmar "severally". A nan idan mutum ya ce "I called him severally" yana nufin na kira shi sau da yawa, kuma tana cikin waɗanda Oxford ya shigar da wannan ma'ana. Amma a Turancin shari'a tana nufin kowa a kan kansa. Idan kai da abokan kasuwancinka uku kuka sa hannu a takardar bashi da aka rubuta "jointly and severally liable", ma'anarsa banki zai iya barin sauran ya kama ka kai kaɗai ka biya duka. Na ga ɗan kasuwar da ya sa hannu yana zaton ana nufin za a biya kashi-kashi. Wannan ba maganar burge Bature ba ce, maganar gidanka ce da aka yi jingina.

Su kansu Turawan ba su daidaita ba. A majalisar Birtaniya, da tamu da ta gaje ta, "to table a motion" na nufin a gabatar da ƙudiri don a tattauna. A Amurka kuwa na nufin a jingine shi gefe. Magana ɗaya, ma'ana biyu masu karo da juna.

Sagir Injiniya:
Barista wannan kuma na yarda, inda kuɗi ya shigo ba a wasa.

Maman Ilham (Manchester):
Salam, sai yanzu na taso daga aikin dare na tarar da wannan hira. Abban Zahra kwantar da hankalinka, naka mai sauƙi ne. Ni da na zo ƙasar nan aikin jinya na ci IELTS ɗina, wato jarrabawar gwada iya Turanci, hukumar ma'aikatan jinya tasu tana neman maki 7, sai rubutu da suke karɓar 6.5. Na zo ina ji da kaina. Satin farko wata tsohuwa a gado ta kira ni ta ce "I need to spend a penny". Na tsaya ina tunanin me za ta saya da tsakar dare, har na ce mata shagon asibiti ya rufe. Ashe fitsari take ji. Wai da can banɗakunan gwamnati sai ka jefa kwabo ƙofa take buɗewa, shi ne maganar ta zauna a bakin tsofaffi. Wani dattijo kuma ya ce yana da matsala da "waterworks" ɗinsa, na ɗauka famfon gidansa ne, ashe mafitsara yake nufi. A nan arewacin Ingila idan suka ce "tea" sau da yawa abincin dare suke nufi, ba shayi ba. Babu littafin da ya koya mini waɗannan.

Abin da ya fi ba ni wahala kuma namu ne da muke ɗaukowa daga Hausa ba mu sani ba. Wata abokiyar aikina ta yi tuntuɓe na ce mata "sorry", sai ta juyo ta ce ai ba laifina ba ne. Ni sannu nake nufi, ita ta ji kamar ina ba da haƙuri. Mara lafiya ya kira ni ina sauri na ce "I'm coming" na wuce, ina zuwa ke nan. Da na dawo ya ce na ce ina tahowa kuma ya ga na juya baya na tafi. Abin da suke cewa shi ne "I'll be right back". Sai "how was your night", wato ina kwana. Ga mara lafiyar da ya kwana a gadon asibiti babu laifi, tambayar barcinsa kike yi. Amma kada ki kuskura ki yi wa abokin aiki namiji ita da safe, wani kallo zai yi miki, don a kunnensu kamar kina bincikar abin da ya yi da daddare ne.

Su kuma gaisuwarsu "you all right?" ce. Wata guda na yi ina zaton fuskata ce ta nuna ba ni da lafiya.

Ɗan Fagge:
Anti, da ni ne da na miƙa wa tsohuwar nan kwabon na ce ta riƙe canji 😂

Maman Ilham (Manchester):
Kai dai Allah ya shirye ka. Ummi, ga wata shawara daga wadda ta zauna jarrabawa. Lokacin da nake shirin IELTS na haddace karin magana kusan ɗari, ina jira in zazzage wa mai jarrabawa. Shekara huɗu ke nan ina garin da ruwan sama ba ya ɗaukewa, ban taɓa jin wani ya ce "it's raining cats and dogs" ba. "It's pouring" suke cewa, ko "chucking it down". Abin da ke nuna ka iya yaren shi ne ƙananan nan, irin "run out of", "put up with", "look forward to". Waɗannan su ake faɗa sau ɗari a yini.

Isuhu Maraɗi:
Salamu alaikum mutanen Najeriya. Mu nan Nijar da Faransanci muka yi lakwal, wato makaranta, Ingilishi sai a kwaleji muka fara. Ni matsalata biyu ce, ina ɗauko na Faransa in zuba cikin Ingilishi, ina kuma jin naku a Kano in ɗauka shi ne daidai. Ta kek ɗin da kuka faɗi, Faransawa cewa suke mutum yana son man shanu da kuɗin man shanu. Ruwa mai yawa kuma su ce igiyoyi ne ke zubowa. Mushenmu na Ingilishi ya taɓa dariya har da hawaye da na rubuta mashi "it is raining ropes". Tambayata, "borrow me your pen" da nake ji wurin abokaina na Kano daidai ne?

Malama Hadiza:
Malam Isuhu sannu da zuwa. A Turancin makaranta ba daidai ba ne. Mai karɓa shi ke "borrow", mai bayarwa kuma "lend". Sai ka ce "lend me your pen" ko "can I borrow your pen". Daga yarukanmu abin ya fito, don mu kalma ɗaya ce, na ara, ara mini. Haka "I'm hearing a smell", ina jin wari ke nan, tunda ji ɗaya ya ɗauke mana kunne da hanci da zuciya. Ta man shanun nan kuwa mu ma muna da tamu, taura biyu ba ta taunuwa. Ruwan kuma kamar da bakin ƙwarya.

Isuhu Maraɗi:
Na gode Malama. Ashe tamu ta fi ta kowa daɗi.

Hajiya Turai:
Ni ba malama ba ce, amma bari in faɗi wanda ya ƙona mini rai. Bara da yayan maigidana ya rasu, wani yaro cikin dangi da ya gama jami'a ya rubuta sanarwa a Facebook da Turanci, ya ce marigayin "kicked the bucket". 'Yata ce ta nuna mini ta fassara mini. Shi yaron a ganinsa ya yi gwaninta. Sai da aka sa shi ya goge.

Malam Ɗanjuma (Zariya):
Allah ya jiƙansa Hajiya. Wannan ya fi duk waɗanda muka lissafa muni, kuma abin mamaki yaron bai yi kuskuren kalma ko ɗaya ba. Haka maganar take a littafi, ma'anarta kuma mutuwa. Abin da littafin bai gaya masa ba shi ne maganar shaƙiyanci ce, daidai da a ce wane ya sheƙa barzahu. Wa zai shiga gidan makoki ya faɗi haka? "Passed away" ake cewa, kamar yadda muke cewa ya rasu ko ya riga mu gidan gaskiya. Laifin namu ne malamai. Muna ba yara jerin karin magana da ma'anoni su haddace don tambayoyin zaɓi na WAEC da JAMB, ba ma gaya musu a gaban wa ake faɗin kowace.

Malama Hadiza:
A nan kam Malam bakinmu ɗaya. Ummi, duk ƙamus mai kyau na masu koyo yana sa alama kusa da magana, ko ta raha ce, ko tsohon yayi ce, ko ta Amurka ce. Ki riƙa karanta alamar kafin ma'anar.

Ummi (SS3):
To Malama, na gode. Baba Malam, saura ɗaya. "The devil you know is better than the angel you don't know" fa?

Malam Ɗanjuma (Zariya):
Babu mala'ika a ta Turawa, shaiɗanu biyu ne: "better the devil you know than the devil you don't". Amma in faɗi gaskiya, kada Malama Hadiza ta ji, tamu ta fi tasu armashi. A jarrabawa dai ki bar mala'ikan a gida.

Malama Hadiza:
Na ji kuma na ɗauki hoton allo 😄

Abban Zahra:
Jama'a na gode ƙwarai. Yau da safe na same ta na yi mata bayani, har na gaya mata yadda Malam ya ce an haɗa magana biyu. Ta yi dariya ta ce ita kanta "more power to your elbow" a bakin kakarta kawai take jinta, sa'o'inta ba sa faɗa, da na ce "great job" ma ya wadatar. Amma ta bar ni da wata tambayar. Ta ce kullum idan ta wuce masu gadi da direbobi tana ɗauke da kaya ko tana kan aiki sai su ce mata "well done", alhali ba ta gama komai ba, wani lokacin ma zaune kawai take tana danna kwamfuta. Na ce mata sannu da aiki suke nufi. Ta ce to me ake cewa da Turanci? Na buɗe baki na rasa. Malam, Malama, mene ne?

Malam Ɗanjuma (Zariya):
Na yi ta tunani tun da na karanta. "Keep it up" ta yi kama da shugaba yana magana da yaronsa. "Well done" sai an gama aiki an yaba. Ni ban ga wadda ta zauna daidai ba.

Maman Ilham (Manchester):
Babu ita Malam. A nan wucewa kawai suke yi, in an yi sa'a a ce maka "you all right?"

Ɗan Fagge:
To Abban Zahra gobe ka koya mata ta amsa da "yawwa, sannu kadai". In ta ce "sannu kaɗai" ka tambaye ta ita da wa aka bar ta.